John Bartram, manomin da ya zama masanin tsirran sarki

An haifi John Bartram a shekarar 1699 a Darby, cikin Fensilbaniya, lokacin da wannan yanki na Amurka ke hannun Ingila. Ɗan manoma ne, bai yi karatu mai zurfi ba. Sanin tsirrai da kansa ya neme shi, cikin littattafai da cikin daji.

A 1728 ya sayi gona a bakin kogin Schuylkill, kusa da Filadelfiya, ya kafa garka inda yake renon itatuwa da furannin ƙasarsa. In kaka ta yi, aikin gona ya sassauta, sai ya ɗaura sirdi ya shiga dazuzzuka neman iri. A 1743 ya kai har tabkin Ontariyo.

Abin da ya fito da sunansa shi ne hulɗarsa da Peter Collinson, wani attajirin yadi na Landan. Sun yi fiye da shekara 30 suna musayar wasiƙu, ba su taɓa haɗuwa ba. Kowace shekara Bartram yana aika akwatuna ta jirgin ruwa, kowane da irin tsirrai wajen kashi 100, Collinson kuwa yana rarraba su ga masu garake. Ta haka itatuwan Amurka da dama suka shiga Turai. A 1765 Sarki Joji na 3 ya naɗa shi masanin tsirransa a Amurka, da albashin fam 50 a shekara.

A wannan shekara, yana da shekara 66, ya tafi kudu tare da ɗansa William. A bakin kogin Altamaha, cikin Jojiya, suka tarar da wani icce da ba su taɓa ganin irinsa ba. Daga baya William ya koma ya ɗebo ƴaƴansa, ya shibka a garkarsu, ya raɗa masa suna Franklinia don girmama Benjamin Franklin, aminin mahaifinsa.

Bartram ya rasu a 1777. Tun farkon ƙarni na 19 ba a sake ganin iccen nan mai farin fure a daji ba. Duk waɗanda suke raye yau, tushensu wannan garka, wadda har yanzu tana nan a Filadelfiya. Da ba a ɗebo irin nan ba, da iccen ya ɓace daga duniya.