Fatima Al-Fihriyya: Matar Da Ta Gina Masallaci Da Gadonta

'Yar'uwa, ko kin san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi na duniya mace ce ta kafa ta? Sunanta Fatima 'yar Muhammad Al-Fihri. Danginta, Banu Fihri, Ƙuraishawa ne. Cikinsu Uƙba bin Nafi'u ya fito, wanda ya nausa yamma ya kafa birnin Ƙairawan na Tunisiya a shekarar 670. Daga Ƙairawan ne mahaifinta, attajirin ɗan kasuwa, ya ƙara yin yamma da iyalinsa zuwa Fas ta ƙasar Maroko.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, sai ya bar mata dukiya mai yawa, ita da 'yar'uwarta Maryam. Fatima ba ta tara gwala-gwalai ba. Fili ta saya, ta aza harsashin masallacin Ƙarawiyyin cikin Ramadan na 245 bayan Hijira, wato 859. An ruwaito cewa azumi ta riƙa yi har aka kammala ginin. Maryam kuwa masallacin Andalus ta gina.

Har yau ana karatu a Ƙarawiyyin. To, ke ma rabonki na gado haƙƙinki ne. Wace sadakatul jariya za ki bari da shi? Allah Ya jiƙan su, amin.