TARIHIN MUTANEN KIRKI: Julius Rosenwald, Bayahuden Da Ya Koya Wa Jama'a Haɗa Hannu (1862–1932)

A wannan mako za mu duba rayuwar wani attajiri Bayahude ɗan ƙasar Amurka mai suna Julius Rosenwald. Ba Kirista ba ne, bai kuma taɓa zuwa ƙasarmu ba. Amma yadda ya yi kyauta da dukiyarsa, wa danginsa Yahudawa da kuma baƙaƙen fatar Amurka, yana da abin da zai koya wa ikkilisiyoyinmu na Bungudu da Gusau da Tsafe, musamman yanzu da muke fama da ginin azuzuwa da kula da waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Julius ran 12 ga Agusta, 1862, a garin Springfield na jihar Illinois, kusa da gidan Shugaba Abraham Lincoln. Mahaifinsa Samuel ya yi ƙaura daga Jamus a 1854. Da ya iso Amurka, koli ya fara yi, yana yawo da kaya ƙauye-ƙauye, kafin Allah ya buɗa masa ya kafa kantin tufafi. Julius bai gama makarantar sakandare ba. Yana ɗan shekara 16 aka tura shi New York wurin kawunansa don ya koyi cinikin tufafi. A 1885 ya koma Shikago ya buɗe wurin ɗinka kwat na maza tare da wani ɗan'uwansa. A 1890 ya auri Augusta Nusbaum, Allah ya ba su 'ya'ya biyar.

Yadda ya yi arziki

A wancan zamani akwai wani kamfani mai suna Sears, Roebuck wanda yake sayar da kaya ta gidan waya. Manomi yana zaune a ƙauyensa zai duba littafin kayan kamfanin, ya zaɓi abin da yake so, ko agogo ko keken ɗinki ko garma, ya aika da kuɗi, jirgin ƙasa ya kawo masa. Mai kamfanin, Richard Sears, gwanin talla ne, amma ba ya iya tsara aiki, kaya suna makara, wasu ma suna ɓata. A 1895 Rosenwald da surukinsa Aaron Nusbaum suka sayi rabin kamfanin a kan dala 75,000. Rosenwald ya gyara tsarin aika kaya, ya kuma tsaya a kan cewa abin da aka rubuta a littafi shi za a aika wa mai saye, in bai gamsu ba a mayar masa da kuɗinsa. Wannan amana ita ta sa ciniki ya bunƙasa. Ya zama shugaban kamfanin a 1908, ya riƙe har 1924. A 1921, da kasuwa ta faɗi kamfanin ya kusa durƙushewa, sai ya sa dukiyarsa ta kansa ya tallafe shi.

Koyarwar da ta motsa shi

Rosenwald yana sujada a majami'ar Sinai da ke Shikago, inda wani babban malamin Yahudawa, Emil Hirsch, yake koyarwa. Wannan malami ya nace a kan abin da annabawa irin su Amos da Mika suka yi wa'azi a kai, wato mai dukiya yana da hakkin matalauci a wuyansa. Kalmar da Yahudawa suke kiran kyautar taimako da ita a Ibrananci tushenta ɗaya da kalmarmu ta sadaka, kuma ainihin ma'anarta adalci ne. Ke nan a wurinsu mai bayarwa ba gwaninta ya yi ba, bashi ya biya. Tsofaffin malamansu kuma sun koyar cewa taimakon da ya fi kowane daraja shi ne wanda zai sa mutum ya tsaya da ƙafafunsa.

Hidimarsa ga Yahudawa

Ya fara da gida. A lokacin dubban Yahudawa matalauta suna ta kwararowa Shikago daga ƙasar Rasha, inda ake kai musu hari ana ƙone musu gidaje. Suna bukatar asibiti da gidan marayu da gidan tsofaffi da wurin koyon sana'a. Maimakon kowace ƙungiya ta riƙa yawon roƙo ita kaɗai, Yahudawan garin sun kafa asusu guda wanda ake tara kuɗi a ciki kowace shekara, sa'an nan a raba wa kowane aiki gwargwadon bukatarsa. Rosenwald ya zama shugaban wannan haɗaɗɗiyar ƙungiya a 1908. Akwai rashin jituwa tsakanin Yahudawan da suka zo daga Jamus, waɗanda suka riga suka yi ƙarfi, da sababbin zuwa daga Rasha. Ya yi ta ƙoƙarin sasanta su har asusunsu ya zama ɗaya a 1923. Ran da ya cika shekara 50, a 1912, ya raba dala 687,500, a ciki ya ba wannan ƙungiya 250,000.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jefa Yahudawan gabashin Turai cikin yunwa da gudun hijira, sai a 1917 ya yi alkawarin dala miliyan 1. Amma ya sa sharaɗi: duk miliyan ɗayan da jama'a suka tara, shi zai ɗora 100,000, har a kai miliyan 10. Wannan ya sa kowane gari ya tashi tsaye, aka kuwa cika adadin.

Ba kowane aikinsa ne ya yi kyakkyawan ƙarshe ba. A 1928 ya yi alkawarin dala miliyan 5 don a zaunar da Yahudawan Tarayyar Sobiyet a gonaki a Yukren da Kirimiya. Iyalai da yawa sun sami abinci da sana'a na ɗan lokaci. Daga baya gwamnatin Stalin ta rufe shirin ta kashe da yawa daga cikin ma'aikatansa, sojojin Hitler kuma suka hallaka waɗanda suka tarar a ƙauyukan bayan sun shiga ƙasar a 1941. Rosenwald bai rayu ya ga wannan ba.

Ya tsallaka zuwa ga maƙwabci

Wahalar da danginsa suka sha ita ta buɗe masa ido ya ga ta baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayi, waɗanda doka ta ware su a makarantu da asibitoci da motocin haya. A 1910 ya yi shela cewa duk garin da ya tara dala 75,000 don gina masauki na ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA domin baƙar fata, shi zai ba da 25,000. Garuruwa fiye da 20 suka amfana. Ku lura, Bayahude ne yake gina wa ƙungiyar Kirista gida.

A 1911 ya sadu da Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta ya kuma kafa makarantar Tuskegee a jihar Alabama. Washington ya nuna masa halin da yaran ƙauye suke ciki: wasu a cikin tsofaffin majami'u suke karatu, wasu a rumfunan da ruwa ke zuba, na 'yan watanni kaɗan a shekara. Suka gwada da makarantu shida. Da aka ga amfaninsu sai aikin ya bazu. A 1917 ya kafa asusun da ake kira da sunansa.

Tsarin kuwa shi ne, asusu ba ya biyan kuɗin gini duka. Sai mutanen ƙauye sun kawo nasu, hukumar ilimi ta yankin kuma ta yarda za ta riƙe makarantar ta biya malamai. Yawanci a majami'a ake yin taron neman gudunmawa. Wani ya ba da fili, wani katako, mata su sayar da kaji da soyayyen kifi, manoma su ware kunyoyin auduga domin makaranta, masu ƙarfi su yi aikin gayya. An zana azuzuwan da manyan tagogi don hasken rana ya wadatar, tun da babu lantarki.

Zuwa 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15, ban da gidajen malamai da ɗakunan koyon sana'a. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na yaran baƙar fata na ƙauyukan kudancin Amurka a cikinsu suka yi karatu. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne lissafin kuɗin: asusun Rosenwald ya ba da kimanin dala miliyan 4.3, talakawan baƙar fata kuwa suka tara kimanin miliyan 4.7, sauran mafi yawa ya fito daga baitulmalin hukuma. Wato matalauta sun fi attajirin bayarwa. Daga cikin yaran da suka zauna a waɗannan azuzuwa akwai marubuciya Maya Angelou da John Lewis, wanda ya yi gwagwarmayar 'yanci tare da Martin Luther King.

Ba a rasa masu sukarsa ba. Wasu sun ce ya gina makarantu a cikin tsarin wariya maimakon ya yaƙi dokar kanta, wadda sai a 1954 kotun ƙoli ta soke ta a makarantu. A 1913 kuma 'yan majalisar jihar Illinois sun yi masa tambayoyi a kan ƙarancin albashin 'yan matan da ke aiki a kamfaninsa. Mutum tara yake bai cika goma ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Rosenwald ba ya son a rubuta sunansa a jikin gini. Ya ba da miliyoyin daloli aka kafa gidan nunin kimiyya da masana'antu a Shikago, amma ya hana a kira shi da sunansa. Ba ya kuma son asusun da za a ajiye har abada ana cin ribarsa kaɗai. A ganinsa kowane zamani ya kamata ya ɗauki nauyin matsalolinsa. Don haka ya umarta a kashe kuɗin asusunsa ƙaf cikin shekara 25 bayan mutuwarsa. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 1932, yana da shekara 69, bayan ya yi kyautar fiye da dala miliyan 60. Asusun ya rufe a 1948.

Abin koyo gare mu

'Yan'uwa, zamanin da Turawan mishan suke gina mana makaranta da ɗakin shan magani ya wuce. Duk da haka har yanzu akan ga ikkilisiya ta kafa harsashin gini ta bar shi shekara da shekaru tana jiran wani daga waje. Manzo Bulus, a 2 Korantiyawa sura 8, ya yaba wa ikkilisiyoyin Makidoniya domin sun taimaki 'yan'uwa na Urushalima alhali su kansu suna cikin talauci. Buhun gero daga wannan gida, tiyar wake daga wancan, bulo ɗari daga matasa, gudunmawar Zumuntar Mata, in aka haɗa su aka rubuta a littafi aka karanta wa jama'a, aji zai tashi. Mai niyyar taimako daga waje ma ya fi sakin hannu in ya ga an fara.

Ku kuma da Ubangiji ya buɗa wa, 'yan kasuwa da ma'aikata 'ya'yan wannan yanki da ke Kaduna da Abuja da Legas, ku gwada wannan hanya. Ku ce wa ikkilisiyar garinku in ta tara kaza za ku ɗora kaza, ku kuma cika alkawari. Kada kyautar ta tsaya a ƙofar majami'a. Rijiya ko aji ko maganin da aka kawo Bungudu, bari ɗan maƙwabci Musulmi da ɗan gudun hijira su amfana da shi kamar namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa da amanar riƙe abin da aka tara. Amin.