Lu Xun (1881-1936): Rayuwarsa da Ayyukansa

Gabatarwa

Masana adabi suna ɗaukar Lu Xun a matsayin jagoran adabin zamani na ƙasar Sin. Marubuci ne kuma manazarci, sannan malamin makaranta ne da ya koyar a kwalejojin horar da malamai. Sunansa na ainihi shi ne Zhou Shuren. Lu Xun, wanda ake furtawa kamar Lu Shun, sunan alƙalami ne da ya samo daga sunan dangin mahaifiyarsa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi a ranar 25 ga Satumba, 1881, a garin Shaoxing da ke lardin Zhejiang, a gidan ilimi da rufin asiri. A shekarar 1893 aka ɗaure kakansa, wanda babban ma'aikacin gwamnati ne, bisa laifin yunƙurin ba da cin hanci a jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Daga nan arzikin gidan ya karye. Mahaifinsa kuma ya kwanta ciwo, har ta kai yaron yana kai kayan gida jingina domin ya sayo magani. Duk da haka mahaifin ya rasu a 1896. Wannan rashi ne ya cusa masa sha'awar koyon likitancin zamani.

Neman Iliminsa

A 1898 ya tafi birnin Nanjing, inda ya fara da makarantar sojan ruwa, daga baya ya koma ta ma'adinai da jiragen ƙasa. A 1902 gwamnati ta tura shi Japan, kuma a 1904 ya shiga makarantar koyon likitanci ta Sendai. A can ne, kamar yadda ya bayyana da kansa, aka nuna musu a aji hoton wani Basine da sojojin Japan za su fille wa kai bisa zargin yi wa Rasha leƙen asiri, alhali 'yan'uwansa Sinawa, majiya ƙarfi, sun kewaye shi suna kallo ko a jikinsu. Abin ya sosa masa rai. Ya yanke shawarar cewa mutuwar zuciya ta fi ciwon jiki illa ga al'umma, kuma adabi ne maganinta. Saboda haka ya bar karatun likita a 1906. Sai dai farkon lamarin bai zo da sauƙi ba, domin fassarar labaran ƙasashen waje da shi da ƙanensa Zhou Zuoren suka buga a 1909 ba ta sami masu saye ba sai 'yan ƙalilan.

Aikin Koyarwa

Da ya komo gida a 1909, ya koyar da kimiyya a kwalejin horar da malamai ta Hangzhou, sannan ya shugabanci wata irinta a garinsu. A 1912 ya kama aiki a Ma'aikatar Ilimi, ya kuma riƙa koyarwa a Jami'ar Beijing daga 1920. A ranar 18 ga Maris, 1926, dakarun gwamnati suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Beijing, suka kashe mutane fiye da 40, ciki har da ɗalibarsa Liu Hezhen. Ya yi rubutu mai zafi yana la'antar kisan, abin da ya jefa rayuwarsa cikin haɗari. A shekarar ya bar birnin, ya koyar na ɗan lokaci a Xiamen da Guangzhou, kafin ya zauna a Shanghai a 1927.

Rubuce-rubucensa

A zamanin tasowarsa, rubutun da ake girmamawa ana yin sa ne da tsohon harshen malamai, wanda sai an shafe shekaru ana karatu kafin a iya shi. A 1918 Lu Xun ya buga labarinsa mai suna Kundin Wani Mahaukaci a mujallar Sabbin Matasa, da harshen da mutane suke magana da shi. A cikinsa mahaukacin yana ganin cewa a ƙarƙashin kyawawan kalmomin tsofaffin littattafai, mutane cin junansu suke yi. Labarin Kong Yiji (1919) ya kawo wani ɗalibi da ya kasa cin jarrabawar gwamnati, ya tsufa cikin talauci yana abin dariya a mashaya. Shi kuwa Ah Q (1921-1922) ɗan ƙodago ne da kullum aka wulaƙanta shi sai ya lallashi kansa cewa shi ne ya yi nasara, har ranar da aka kashe shi kan fashin da bai yi ba. An tattara waɗannan labarai a littafi guda a 1923.

A fagen nazari, ya wallafa Taƙaitaccen Tarihin Ƙagaggun Labaran Sin (1923-1924), wanda ya samo asali daga darussan da ya koyar a jami'a. Ya kuma rubuta ɗaruruwan maƙalu na suka da gyara kayanka, ya fassara ayyukan marubutan waje irin su Gogol na Rasha. A 1930 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marubuta masu ra'ayin sauyi, ko da yake bai taɓa shiga jam'iyyar Kwaminis ba.

Rasuwarsa

Lu Xun ya rasu a Shanghai a ranar 19 ga Oktoba, 1936, yana da shekara 55, bayan fama da tarin fuka. Dubban mutane ne suka raka gawarsa. Bayan kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, hukumomi sun ɗaukaka sunansa, aka kuma ci gaba da koyar da labaransa a makarantu.

Kammalawa

Tarihin Lu Xun yana nuna wa malami mai jiran gado abubuwa biyu. Na farko, ilimi yana isa ga jama'a ne idan an ba da shi da harshen da suke ji. Na biyu, aikin malami bai tsaya ga cika kan ɗalibi da bayanai ba, har da koya masa yin tambaya da ƙin zama ɗan kallo a inda ake zalunci.