Labarin Doroti Sayas, Mai Rubuta Littattafai

An haifi Doroti Sayas a birnin Oksfod na ƙasar Ingila ran 13 ga watan Yuni, 1893. Ubanta fasto ne, ita kaɗai kuwa Allah ya ba shi. Tana shekara shida ya soma koya mata Latin. A 1912 ta shiga jami'ar Oksfod, ta gama a 1915, amma a zamanin nan ba a ba mata digiri. Sai a 1920 aka buɗe musu ƙofa, tana cikin na fari da suka karɓa.

Bayan wannan ta sami aiki a Landan wurin masu rubuta tallar kaya. A 1923 littafinta na fari na labarin binciken laifi ya fito, labarin gawar da aka tarar cikin kwamin wanka na wani gida. Wanda ya tone asirin ba ɗan sanda ba ne, wani ɗan sarauta ne mai suna Pita Wimsi, wanda ya ke binciken laifi don son gaskiya, ba don albashi ba. Yana da bara mai aminci, Banta, wanda ya yi sajansa a Yaƙin Duniya na Fari. Littattafai 11 ta rubuta a kansa.

Ko cikin waɗannan labarai ana ganin 'yar fasto ce. A na 1934 an ɗaure wani ɓarawo a ɗakin ƙararrawa na majami'ar ƙauye. Mutane ba su sani ba, suka yi sa'a tara suna kaɗa ƙararrawa don sabuwar shekara, ƙarar ta kashe shi. Wimsi kansa yana cikin masu kaɗawa, sai ga mai neman mai kisa ya iske hannunsa a ciki. A na ƙarshe, na 1937, ya kama mai laifi, amma da gari ya waye ranar da za a rataye mutumin, sai ya fashe da kuka.

Ita ma tana da nata asiri. A watan Janairu 1924 ta haifi ɗa namiji ba aure. Ta ɓoye wa iyayenta, ta kai yaron wurin wata 'yar'uwarta ta goya shi. Ta ɗauki nauyin cinsa da karatunsa da kuɗin littattafanta, amma ba ta taɓa shaida a gaban jama'a ɗanta ne ba. A 1926 ta auri wani mai aikin jarida, duk da haka yaron bai zauna gidansu ba. Sai bayan mutuwarta duniya ta ji.

Daga 1937 ta juya ga aikin ekklisiya. Gidan rediyon BBC ya roƙe ta ta shirya labarin Ubangiji Yesu kamar wasa. Ta yi shi kashi 12, aka watsa daga Disamba 1941 zuwa Oktoba 1942, ana tsakiyar yaƙi. Ta sa almajirai suna magana da Turancin kasuwa da na masunta, ba tsohon Turancin da a ke karantawa a majami'a ba. Tun ba a watsa ba waɗansu ƙungiyoyin masu bi suka tashi, suka ce saɓo ne mutum ya ari muryar Almasihu. Ba ta janye ba, gama a ganinta mutane sun saba da tsofaffin kalmomin har labarin gicciye ya daina taɓa zuciyarsu. Mu da muka sami Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa a 1932 mun san daɗin jin Bishara da harshen gida.

A 1943 Babban Bishop na Kantabari, Wiliyam Tampul, ya so ya ba ta digirin girmamawa na ilimin tauhidi. Ta yi godiya, ta ƙi karɓa, don ba ta ga zamanta na Kirista ya kai ga wannan daraja ba. Sauran kwanakinta ta ba da su ga juya waƙar Dante, mutumin Italiya, zuwa Turanci. Ta gama kashi biyu, tana cikin na uku mutuwa ta same ta farat ɗaya a gidanta a garin Witam, ran 17 ga Disamba, 1957, tana da shekara 64.

'Yan'uwa masu karatu, ba mu yabon zunubinta, ba mu kuwa yabon ɓoyewar, gama yaron ya sha nauyin abin da bai yi ba. Amma mu tambayi kanmu: me ya sa 'yar fasto ta ga ɓoyewa ta fi mata sauƙi? Akwai 'yan mata irinta cikin ekklisiyoyinmu. Idan horonmu ya zama kunyatarwa kaɗai, babu hanyar komowa, za mu koya wa 'ya'yanmu ɓoye laifi maimakon tuba. Allah wanda ya aiki Natan wurin Dauda ya tone zunubin, ya kuma gafarta, bai yar da bawansa ba. Bari dattawa da iyaye su yi tunani a kan wannan.