Abdulkarim (Sarkin Zazzau)

Abdulkarim ɗan Abbas (ya rasu a 1846) shi ne sarkin Fulani na uku a masarautar Zazzau, ya yi mulki daga shekarar 1834 zuwa 1846. Shi ne kakan gidan sarautar Katsinawa. An fi tunawa da shi saboda Masallacin Juma'a na birnin Zariya da ya sa aka gina, wanda masana ke lissafawa cikin mafi kyawun gine-ginen ƙasa na Afirka ta Yamma.

Asali da hawa mulki

Abdulkarim Bafulatani ne daga ƙasar Katsina, daga nan ne zuriyarsa ta samo sunan Katsinawa. Yana cikin malaman da suka mara wa Malam Musa baya lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso Zazzau, har Sarki Makau ya bar birnin ya nufi kudu. Bayan Malam Musa sai Yamusa ya hau a 1821, da ya rasu aka naɗa Abdulkarim a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Masallacin Juma'a

A shekarun 1830 Abdulkarim ya damƙa aikin sabon masallaci a hannun magini Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Gini irin wannan ba ya yiwuwa sai da mai iko a bayansa, domin yana buƙatar fili a tsakiyar birni, da ma'aikata masu yawa, da tubali, da azarar giginya mai tarin yawa. Sarki ya ɗauki wannan nauyi, magini ya kawo gwaninta.

An gina masallacin kusa da fada. Rufinsa tulluwa ne da ke zaune a kan bakan gizo, wato azara da ake jerawa daki-daki ana lulluɓe ta da ƙasa har ta lanƙwasa ta haɗu a sama. Wannan dabara ce ta ba da damar rufe ɗaki mai faɗi, duk da cewa azara ɗaya gajeriya ce. An ƙawata ginshiƙan da zane-zanen da aka fitar a jikin ƙasar, aka kuma haɗa ginin da ɗakin shari'a da wuraren alwala.

Tasiri

Aikin ya ɗaga darajar maginan Zariya. Sarakunan wasu ƙasashe sun nemi Babban Gwani, ana kuma danganta masa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a birnin Zariya. A ƙarni na 20 masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, daga baya aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Nijeriya da ke Jos.

Shi kuwa ainihin ginin ya sha sauye-sauye. A shekarun 1970 an rushe wasu sassansa, aka kewaye babban ɗakin salla da sabon ginin siminti. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na rufin ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane da dama suka rasa rayukansu, lamarin da ya sake tayar da maganar kula da tsofaffin gine-ginen ƙasa.

Rasuwa da zuriya

Abdulkarim ya rasu a 1846, Hamada ɗan Yamusa ya gaje shi. Ɗansa Sambo ya yi sarauta daga baya, haka nan Muhammadu Aminu (1959 zuwa 1975) da Shehu Idris (1975 zuwa 2020) duk daga gidan Katsinawa suka fito.