Alhaji Mamman Shata (1923-1999): Abin da Ya Zaburar da Ɗan Fulani Ya Rungumi Waƙa

Gabatarwa

A al'adar Hausa kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado, kuma tsarin daraja na gargajiya ya ajiye mai yin ta ƙasa da malami da attajiri. Don haka wanda ya shige ta ba tare da ya gada ba, lalle akwai abin da ya ingiza shi. Alhaji Mamman Shata yana cikin irin waɗannan, kuma tarihinsa ya ba da damar auna abin da masana halayyar ɗan'adam suka faɗa game da buƙatun da ke zaburar da mutum.

Haihuwa da Tasowa

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne da yake kallon waƙa a matsayin roƙo mai zubar da mutuncin gida. Shata ya yi karatun allo, ya yi tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. A wannan lokaci ne ya fara waƙa a dandali tare da samari da 'yanmata, don nishaɗi da nuna gwaninta, tun kafin ta fara kawo masa kuɗi.

A 1943 masanin nan na Amurka, Abraham Maslow, ya jera buƙatun ɗan'adam hawa-hawa: ci da sha, tsaro, ƙaunar dangi da jama'a, mutunci, sannan cika baiwar da mutum yake da ita. Bisa wannan jeri, sai buƙatar ƙasa ta lafa ta sama ke taso wa mutum. Shata kuwa yana da sana'ar da ke ciyar da shi, amma ya sa yardar mahaifi da darajar asali a kasada domin abin da ke hawan ƙarshe. Maslow da kansa ya yi togaciya a kan masu fasahar da ƙishin ƙirƙira yake rinjayar sauran buƙatunsu, kuma a nan ne Shata ya faɗo.

Zaman Bakori da Funtuwa

Daga Musawa ya koma Bakori ƙarƙashin ubangidansa Abdullahi Inde, wanda yake harkar sayen auduga da gyaɗa. Wannan yanki na Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce, kuma da kaka kuɗin auduga kan shiga hannun manoma da 'yan kasuwa da direbobi. Suna cikin waɗanda suka zama masu sauraron kalangunsa. Sunansa ya ƙara fita a Kano a 1952, a bikin 'ya'yan sarki, sannan a 1960 ya tare a Funtuwa, inda ya zauna kusan shekara 40.

A 1966 Robert LeVine ya wallafa nazari a kan ƙwazon neman ɗaukaka a Nijeriya, inda ya nuna cewa hanyar ci gaba a tsarin sarautar Hausa ta fi dogara ga barantaka da biyayya ga ubangida fiye da ƙoƙarin kai. Rayuwar Shata ta haɗa abubuwan biyu. Ya riƙe iyayen gida, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma bai zama makaɗin fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da manoma da sojoji, har ya waƙe kumbon Apollo. An san shi da tsara waƙa nan take a gaban jama'a, yana jan 'yan amshi yadda ya so. Bakandamiyarsa kuwa kirarin kai ce da ƙalubalantar abokan sana'a, kuma ita ce babbar shaidar yadda son fice ya zauna masa a rai.

Ƙarshen Rayuwa

Mutuncin da aka yi gudun zai zubar ya dawo masa ta hanyar waƙar. A 1975 Dandatti Abdulƙadir ya kammala kundin digiri na uku a kansa a Jami'ar Indiyana, Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar MON, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa.

Kammalawa

Tarihin Shata ya nuna cewa jerin buƙatu da tsarin barantaka kowanne ya bayyana sashe ne kawai na abin da ya tafiyar da shi. Baiwa ce ta fara jan sa, son fice ya ɗora, iyayen gida da kuɗin kaka suka ba shi wurin tsayawa. Mai nazarin makaɗan da suka shiga sana'ar ta haye zai amfana idan ya fara tambayar abin da kowannensu ya bari a baya kafin ya ɗauki waƙa.