Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da ya ƙi a yi wa Afirka rundunar soja guda

Mu mazauna Sabha mun fi sanin marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta littafinsa Shaihu Umar, saboda labarin ya biyo da mu har Murzuk, nan kudu da mu, ta tsohuwar hanyar fatake da bayi. Amma ni abin da ya fi jan hankalina a rayuwarsa shi ne matsayin da ya ɗauka kan tambayar da har yau ba ta bar mu mun yi barci ba: idan ƙasa ta rikice, wa ke da ikon shigowa ya raba?

An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma ya riƙe alli a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, sannan ya ƙaro ilimin koyarwa a Landan a 1945. Ya zama Firayim Minista a 1957. A ganina aikin aji bai taɓa sakin sa ba. Duk wanda ya koyar ya san ba a tsallake darasi, kuma haka ya ɗauki haɗin kan Afirka, mataki bayan mataki.

Mako guda da samun 'yanci, ranar 7 ga Oktoba 1960, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafin shekarar ta ƙare sojojinta suna Kwango a ƙarƙashin tutar Majalisar. A Janairun 1961 kuma ya kori jakadan Faransa daga Legas, bayan Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya karo na uku a Reggane cikin Saharar Aljeriya. Mu da ke shan iskar wannan hamada mun san ba ƙaramin abu ya yi ba.

Rigimarsa ta gaske da Kwame Nkrumah na Ghana ce. Nkrumah da 'yan rukunin Kasablanka suna son gwamnati ɗaya da babbar rundunar soja ɗaya ga nahiyar duka. Ɓalewa da 'yan rukunin Monrobiya suka tsaya a kan kowace ƙasa ta riƙe ikonta, a haɗa kai a ciniki da sufuri da ilimi tukuna. Abin dariya, Libiya ta Sarki Idris ta halarci tarukan biyu a 1961, wato ba ta so ta ɓata da kowa. Da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, a Adis Ababa ranar 25 ga Mayu 1963, ra'ayin su Ɓalewa ne ya rinjaya. Aka rubuta cewa babu katsalandan a harkar cikin gidan wata ƙasa, aka yi tir da kisan shugabanni, don jinin Sylvanus Olympio na Togo da aka kashe a Janairun shekarar bai ma bushe ba. Rundunar Nkrumah kuwa ta tsaya a hukumar tsaro da ba ta da ko soja ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka wai ba ya son taimakon maƙwabci. A Janairun 1964 sojojin Tanganyika suka yi bore, Julius Nyerere ya kira Turawan Ingila suka kwantar da shi, abin ya zame masa kunya. OAU ta zauna a Darussalam, Ɓalewa ya tura bataliya guda ta karɓi Turawan. Sharaɗinsa shi ne mai gida ya yi gayya da kansa. A ranar 22 ga Mayu 1964 kuma shi da Diori Hamani da Ahmadu Ahidjo da Tombalbaye suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lamy, wato Njamena ta yau. Don ruwa da kamun kifi aka yi ta, amma yanzu a ƙarƙashinta rundunar haɗin gwiwa ke yaƙar Boko Haram. Libiya ma ta shiga hukumar a 2008.

To wa ya fi gaskiya? Ni dai ina ganin Ɓalewa ya fi karanta zamaninsa. Ƙasashen da suka karɓi tuta jiya ba za su miƙa bindigarsu ga Akara ko Alƙahira ba, da an matsa da ƙungiyar ma ba ta kafu ba. Sai dai dokar rashin katsalandan ta zama bargon da irin su Idi Amin suka lulluɓa da shi. Shi ya sa Tarayyar Afirka, wadda aka ɗauki shawarar kafa ta a Sirte a 1999, ta ba kanta ikon shiga idan ana kisan ƙare dangi. Amma a 2011 me muka gani? Tarayyar ta zo da shirin sulhu, ba ta da rundunar da za ta tsaya masa, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 1973 har da ƙuri'ar Nijeriya, jiragen NATO suka yi aikin. Makaman da suka watse ta Fezzan suka bi zuwa Mali da Nijar, kuma iyayen ɗalibaina sun san kuɗin da aka biya.

Aikinsa na ƙarshe ma sasanci ne. Da OAU ta ce a yanke hulɗa da Ingila kan Rodeshiya a Disambar 1965, bai bi ba, sai ya tara shugabannin Kwamanwel a Legas a Janairun 1966. Baƙin ba su daɗe da watsewa ba, a daren 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Ƙungiyar da ya taya kafawa ta ci gaba da zama da gwamnatin Janar Ironsi, domin bisa dokar da aka rubuta a Adis Ababa wannan harkar cikin gida ce. Allah Ya jiƙansa da rahama.